Na yi karo da mota a kan keke kuma ba ni da fitila: haƙƙina ya faɗi ke nan?

Wani mai karatu ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Kusan wata biyu ke nan, ina dawowa daga wurin aiki a kan kekena jim kaɗan bayan faɗuwar rana, ina tafiya a kan hannuna a babban titi, sai wata mota da ke tahowa daga gabana ta sha kwana za ta shiga wani layi, ta gilma mini. Na kama burki amma ban iya tsayawa ba, na daki ƙofarta ta baya, na faɗi, wuyan hannuna na dama ya karye, keken kuma ya tashi daga aiki. Direban da kansa ya kai ni asibiti, ya biya kuɗin maganin ranar farko. A wurin, cikin ruɗewa, na ce masa ya yi haƙuri. Gaskiya kekena ba shi da fitilar gaba, amma gari bai gama duhu ba, fitilun titi ma suna kunne. Aikina na hannu ne, kuma tun ranar ban koma ba. Yanzu direban yana cewa laifina ne tunda ba ni da fitila, wai ni ne ma ya kamata in gyara masa ƙofar da ta lotsa, amma zai yafe mini, ya ƙara mini da ɗan wani abu, idan zan sa hannu a takarda cewa magana ta ƙare. Ya kuma ce kada a sa kamfanin inshora a ciki. Laifin wane ne? Ina da haƙƙin diyya? Kuma ba butulci ba ne in nemi diyya a wurin mutumin da ya taimake ni?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba.

Kada ka sa hannu a waccan takarda yanzu, ko da an ninka maka kuɗin da aka ambata. A yawancin ƙasashe, takardar da ta ce magana ta ƙare tana rufe hanyar neman wani ƙari har abada, kai kuwa a yau ba ka san iyakar asararka ba, domin hannunka bai gama warkewa ba kuma ba ka koma bakin aiki ba. Idan abin ya faru kamar yadda ka bayyana shi, kaso mafi tsoka na laifin yana wuyan direban. Rashin fitilarka zai iya rage abin da za ka samu, amma da wuya ya shafe shi ɗungurungum. Na ce "idan" ne saboda duk wanda zai yanke hukunci a kan wannan magana sai ya ji ta bakin direban shi ma, don haka gara ka san tun yanzu inda hujjarka take da ƙarfi da inda take da rauni.

Ƙa'idar da ta fi shafar haɗarinka tsohuwa ce, kuma kusan iri ɗaya ce a ko'ina: wanda yake tafiya miƙe a kan hannunsa shi ke da hanya, wanda kuma zai bar hannunsa ya ratsa ta gaban wani shi ne zai jira. Yarjejeniyar zirga-zirgar ababen hawa da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968, wadda dokokin hanya na ƙasashe masu yawa suka yi daidai da ita, ta ce a sashe na 14 duk direban da zai canza hanya ko ya sha kwana sai ya fara tabbatar da cewa ba zai jefa kowa cikin haɗari ba, sashe na 16 kuma ya wajabta wa mai shan kwana ya bar ababen hawan da ke tahowa daga gabansa su wuce tukuna. A wannan yarjejeniya keke abin hawa ne, mai tuƙa shi kuma direba ne, yana da haƙƙin hanya kamar yadda mai babbar mota yake da shi. Birtaniya ma, da ta gyara littafin ƙa'idojin hanyarta a farkon 2022, ta fito fili ta ce kada direba ya yanke gaban mai keken da ke tafiya miƙe a lokacin da zai shiga ko zai fita daga mahaɗa. Idan direban ya ce maka ai ya kunna sigina, ka sani sigina sanarwa ce ta abin da mutum yake nufin yi, ba ta ba shi hanyar da ba tasa ba.

Abin da direba ya fi faɗa bayan irin wannan karo shi ne, "Wallahi ban gan shi ba." Sau da yawa gaskiya yake faɗa, domin idon mai shan kwana yakan nemi manyan abubuwa masu fitilu biyu, ya tsallake siririn abu kamar keke, ga kuma ƙarfen da ke tsakanin gilashin gaba da na gefe wanda yake iya ɓoye mutum ɗaya cur na ɗan lokaci. Amma gaskiyar maganar ba ta wanke shi. Doka ba ta tambayar ko ya gani. Tana tambayar ko direba mai lura, a wannan wuri da wannan haske, zai gani. Idan zai gani, to "ban gan shi ba" ta zama shaida a kansa cewa bai duba yadda ya kamata ba.

Akwai wani abu a wasiƙarka da za a yi ƙoƙarin juya maka shi, shi ne ƙofar baya. Za a ce tunda bayan motar ka daka, ta riga ta yi nisa a cikin kwanar kafin ka iso, don haka da kana lura, ko da ba ka gudu, da ka tsaya. Amsar wannan tana cikin lissafi. Keken da ke tafiyar kilomita 20 a awa yana cin fiye da mita 5 a kowace daƙiƙa, mutum kuma yana buƙatar kusan daƙiƙa ɗaya, wani lokaci fiye, tsakanin ganin haɗari da matse burki, sannan burkin ya fara nasa aikin. Ƙaramar mota gaba ɗayanta ba ta wuce tsawon mita 4 zuwa 5, tazarar da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya kuwa kusan mita ɗaya ce, abin da motar za ta shafe cikin ƙiftawar ido. Saboda haka wurin lotsawar kaɗai ba ya nuna cewa ka samu isasshen lokacin kaucewa. Sai dai idan akwai mai shaidar da zai ce ya gan ka kana sheƙa gudu a gangara, ko kana duba waya, ko burkinka ba ya kamawa, to lissafin zai sauya.

Maganar fitila kuwa ba zan sassauta maka ita ba. Sashe na 44 na waccan yarjejeniya ya buƙaci keke ya kasance da burki mai aiki, da ƙararrawa, da jan abin ƙyalli a baya, da hanyar nuna farin haske ko rawaya a gaba da jan haske a baya, kuma ƙasashe da dama suna wajabta kunna su daga faɗuwar rana, ba sai duhu ya rufa ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai ka saɓa wa dokar wurin da kake. Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne fitilar gaba ce ba ka da ita, direban kuma ta gabanka ya ɓullo, wato ainihin fitilar da aka yi domin mutum irinsa ya gan ka. Da ta baya ce ta mutu, da ba ta da wata alaƙa da haɗarin. Kada ka yi musun rashinta, kada kuma ka je ka ɗaura wa keken fitila yanzu. Ƙarya ɗaya da aka kama a bakin mai neman diyya tana ɓata sauran gaskiyarsa duka.

Duk da haka, saɓa wa dokar hanya daban, zama sanadin haɗari daban. Tarar rashin fitila magana ce tsakaninka da hukuma, diyya kuwa magana ce tsakaninka da wanda ya ji maka rauni, kuma a ta biyun ba a rage maka komai sai an nuna cewa kuskurenka ya taimaka wajen afkuwar abin ko ya ƙara munin raunin. Wanda yake iƙirarin haka shi ke da nauyin kawo hujja. A wata shari'a da aka yi a Ingila a 2009, inda mai babur ya kaɗe mai keken da bai sa hular kwano ba, babbar kotu ta yarda cewa rashin hular na iya zama sakaci, amma ta ƙi rage diyyar ko kaɗan, saboda ba a tabbatar da cewa hular za ta hana raunin da ya samu ba. Haka taka maganar take: tambayar ita ce ko a daidai wannan lokaci, da ragowar hasken rana da fitilun titi, ana iya hango mai keke daga nesa ba tare da fitila ba. Shi ya sa mintoci suke da muhimmanci a nan. Ana iya gano lokacin faɗuwar rana na kowace rana a kowane gari, takardar asibiti tana ɗauke da lokacin da aka karɓe ka, wayarka kuma tana riƙe da lokacin kiran farko da aka yi bayan faɗuwarka. Minti goma bayan faɗuwar rana da minti arba'in bayanta ba hukuncinsu ɗaya ba.

Idan aka tarar cewa kowannenku yana da nasa kason, yawancin dokoki raba laifin suke yi. A ce duk asararka kashi 100 ce, aka ɗora wa direban kashi 75 cikin ɗari na laifi, kai kuma 25; za ka karɓi 75. A ce gyaran ƙofarsa ya kai kashi 8 a wannan ma'auni; rubu'insa kawai zai hau kanka, wato 2. Waɗannan lambobi misali ne na yadda ake lissafin, ba hasashen abin da za a yanke maka ba, amma sun isa su nuna maka cewa yafe kuɗin ƙofa ba wata babbar kyauta ba ce idan aka auna ta da abin da ake so ka bari.

Ƙasashe sun bambanta sosai a wannan gaɓa, kuma dokar inda haɗarin ya faru ita za ta yi aiki. Ingila tana raba laifi bisa wata doka ta 1945. Kafin ita, ƙaramin sakaci daga wanda aka ji wa rauni yana iya hana shi komai. Wannan tsohon tsari yana nan har yau a jihohin Alabama, Merilan, Karolina ta Arewa da Bajiniya na Amurka, inda ɗan guntun laifi yake iya kashe da'awa gaba ɗaya, wasu jihohin kuma suna hana diyya idan laifin mai nema ya kai rabi ko ya haura. A ɗaya gefen akwai Holan, inda doka ta ɗora alhaki a kan mai mota idan ya yi karo da mai keke ko mai tafiya a ƙasa, sai fa in ya tabbatar da cewa babu wani abin zargi ko kaɗan a tuƙinsa, kotun ƙolin ƙasar kuma ta kafa cewa baligi zai samu aƙalla rabin asararsa ko da ya yi kuskure, yaron da bai kai shekara 14 ba kuma ya samu duka, muddin ba ganganci ba ne ko abin da ya yi kama da shi. Faransa ta wuce nan: dokar 5 ga Yuli, 1985, wadda ake kira da sunan ministan shari'a na lokacin, Robert Badinter, ta ce a biya mai keke da mai tafiya a ƙasa diyyar raunin jiki ba tare da la'akari da kuskurensa ba, sai idan kuskuren ya kai matsayin da ba shi da uzuri kuma shi kaɗai ne sanadin haɗarin. A can, rashin fitila da wuya ya taɓa diyyar hannunka, ko da yake zai iya taɓa ta keken.

Dalilin wannan karkata zuwa ga mai keke ba tausayi ba ne kurum. Ƙaramar mota tana kai nauyin tan ɗaya da rabi, keke da mahayinsa kuwa kilo 100 ne ko ƙasa da haka, kuma idan suka haɗu ɗaya ƙarfensa ne yake lotsawa, ɗaya ƙashinsa ne yake karyewa, kamar yadda ya faru da ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ko a ƙasashen da ba su da doka irin ta Holan ko Faransa, alƙalai sukan auna girman ɓarnar da kowane abin hawa yake iya yi idan suna raba laifi, abin da yakan sa kason mai mota ya yi nauyi.

Haƙurin da ka ba shi a wurin kada ya hana ka barci. Mutumin da ya faɗi a kan kwalta da karyayyen hannu da wuya a ɗauki haƙurin da ya bayar a matsayin amsa laifi, kuma ba da haƙuri ladabi ne da mutane suke yi ko su aka cuta. A Ingila da Wales ma an rubuta shi a dokar diyya ta 2006 cewa ba da haƙuri ko tayin magani, su kaɗai, ba amsa laifi ba ne. Amma ka lura wannan ƙa'ida ta shafe shi kamar yadda ta shafe ka: kai ka asibiti da ya yi da kuɗin da ya biya ba su zama hujjar cewa ya amsa laifi ba. Abin da ya biya za a cire shi daga diyyarka a ƙarshe, kuma daidai ne a cire. Daga yau dai ka daina tattauna wanda ya yi laifi da shi, a baki ko a saƙon waya, musamman idan kana wurin da ɗan ƙaramin kaso yake iya hana ka komai.

Diyya ta fi kuɗin asibiti faɗi, kuma a nan ne mutane suka fi cutar kansu. Manufarta a mayar da kai, gwargwadon abin da kuɗi zai iya, inda kake kafin haɗarin. Ta ƙunshi maganin da ka riga ka saya da wanda za ka saya nan gaba, da gashin ƙashi, da kuɗin zuwa asibiti da dawowa, da darajar keken kafin ya lalace ko kuɗin gyaransa, da duk abin da ya fashe ko ya yage a jikinka. Dokoki da yawa suna biyan raɗaɗi da wahalar da mutum ya sha, wasu har da ɗawainiyar da iyali suka yi da shi. Amma ga mai aikin hannu, babban kaso shi ne abin da ya rasa na samu, na watannin da ya zauna da kuma na gaba idan hannun bai koma yadda yake ba. Karayar wuyan hannu takan ɗauki kusan mako shida a ɗaure, sai dai cire ɗauri ba shi ne warkewa ba. Ƙagewa da raunin damƙa suna iya ɗaukar watanni, kuma akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa wanda jini ba ya isarsa sosai, wani lokaci ya ƙi haɗewa har sai an yi tiyata. Ka nemi likitanka ya rubuta maka rahoto da ya faɗi irin karayar, da maganin da ya rage, da lokacin da yake ganin za ka iya komawa aiki, da ko akwai nakasar da za ta zauna. Kafin wannan rahoto ya zo hannunka, duk adadin da aka ambata maka cinikin abin da ba a gani ba ne. Masu dokar Faransa sun san wannan haɗari, shi ya sa suka tilasta wa kamfanin inshora ya gabatar da tayi cikin wata takwas, suka kuma ba wanda aka ji wa rauni kwana 15 ya janye bayan ya sa hannu. Takardar da mutum biyu suka rubuta a tsakaninsu ba ta da irin wannan kariya.

Na san matsi ne yake sa mutum ya karɓi abin da aka miƙo masa, wata biyu babu aiki ba wasa ba ne. Idan buƙata ta kai, kana iya karɓar kuɗi a matsayin wani ɓangare na biya, a rubuta ƙarara cewa somin-taɓi ne kuma ba ka yafe sauran haƙƙinka ba, kowa ya riƙe kwafinsa. Kamfanonin inshora ma sukan yi irin wannan biya idan laifin mai motarsu ya bayyana.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne cewar da ya yi kada a sa inshora. Ruwa ba ya tsami banza. A mafi yawan ƙasashe wajibi ne kowace mota ta kasance da inshorar da za ta biya wanda ta ji wa rauni, an kuma yi ta ne daidai domin rana irin wannan, don kada nauyin ya faɗa kan aljihun direba shi kaɗai. Mutumin da ya tabbata cewa ba shi da laifi, a al'ada shi ne mai gaggawar kiran kamfaninsa. Mai gudun haka, ko dai yana tsoron a ƙara masa kuɗin shekara, wanda shi ne dalili mafi sauƙi kuma ba laifi ba ne, ko inshorar ta ƙare, ko lasisinsa yana da matsala, ko motar ba tasa ba ce. Kowanne daga cikinsu yana canza wanda za ka nema. Idan motar ta wurin aikinsa ce kuma yana kan aiki a lokacin, mai yiwuwa alhakin ya hau kan wanda ya ɗauke shi aiki. Idan babu inshora sam, wasu ƙasashe suna da asusu na musamman da ke biyan waɗanda motar da ba ta da inshora ko wadda ta gudu ta kaɗe. Birtaniya tana da irinsa tun 1946. A ƙasashen Tarayyar Turai kuma kana da ikon neman kamfanin inshorar kai tsaye ba sai ta hannun direba ba. Yawancin takardun inshora suna shardanta wa mai mota ya sanar da haɗari da wuri, kada kuma ya yi sulhu da kansa, don haka jinkirin da yake yi yana iya cutar da shi kansa. Faɗa masa wannan taimako ne gare shi.

Idan magana ta isa kamfanin, ka tuna cewa jami'in da zai kira ka, komai daɗin bakinsa, kamfanin yake yi wa aiki. Tayinsu na farko yakan yi ƙasa. Ka ba da bayaninka a rubuce bayan ka natsu, ka tsaya a kan abin da ka gani, kada ka yi ƙiyasin gudu ko tazarar da ba ka tabbatar ba.

Game da butulci, ban ga alamarsa a nan ba. Mutumin ya kyauta da bai gudu ba, ka gode masa, ka kuma faɗi alherinsa a duk inda aka tambaye ka, har gaban 'yan sanda. Amma tsayawa a wurin haɗari da taimakon wanda ya ji rauni wajibi ne a kan direba, sashe na 31 na yarjejeniyar Biyana ya ambace shi, kuma sauke wajibi ɗaya ba ya ɗauke ɗayan. Za ka ji masu cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, a bar wa Allah. Yarda da ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba ta taɓa soke lamuni ba. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, inda babu niyyar cuta ko kaɗan, ta kuma bar yafiya a hannun masu haƙƙi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne, direba kuma yana lamunce ɓarnar da ya yi ko da bisa kuskure, sai idan abin ya fi ƙarfinsa ko aikin wanda aka cutar ne ya yi tasiri mai ƙarfi wajen jawo shi, idan kuma sun yi tarayya a sanadi kowa ya ɗauki alhakin abin da ya ɓata wa ɗan'uwansa. Idan daga baya ka ga dama ka yafe wani abu, ko ma duka, wannan naka ne kuma akwai lada. Amma yafiya ta gaskiya sai mutum ya san girman abin da yake yafewa, kuma ba a tsorata shi da kuɗin ƙofa ba. Ka kuma tuna da waɗanda suke ci daga wannan hannun.

Wata biyu ya riga ya cinye wasu hujjoji, don haka ka hanzarta a kan sauran. Kada ka gyara keken, kada ka sayar, kada ka yar. Lanƙwasar ƙafarsa ta gaba tana nuna ta inda aka haɗu da ƙarfin karon. Ka ɗauki hotonsa, da na mahaɗar daga inda direban ya taho da kuma daga inda ka taho, da na fitilun titin. Ka koma wurin ka nemi waɗanda suka gani, ka karɓi lambobinsu tun ba su manta ba. Kyamarorin tsaro sukan goge abin da suka ɗauka bayan kwanaki ko makonni, amma tambaya ba ta cin komai, kuma wani lokaci wani ya riga ya adana a wayarsa. Idan ba a kai rahoto ga 'yan sanda ba, ka kai yanzu ka karɓi shaidar rahoton. Inda aka samu rauni dokoki da yawa suna wajabta shi, kamfanonin inshora kuma sukan nema. Ka tara rasit na kowane abu, da duk abin da zai nuna samunka na watannin da suka gabaci haɗarin, ko takardar albashi ce ko littafin ciniki ko shigar kuɗi a asusu. Saƙonnin da direban ya turo maka, musamman wanda ya ce kada a sa inshora, ka adana su.

Neman diyya yana da wa'adi, kuma idan ya wuce, ƙarfin hujja ba ya amfani. A Ingila shekara 3 ce ga raunin jiki, a Faransa shekara 10 daga lokacin da raunin ya daidaita, a jihar Tenesi ta Amurka shekara ɗaya tak, asusun biyan waɗanda motar da ba ta da inshora ta kaɗe kuma yakan sa nasa wa'adin dabam. Wannan ita ce tambayar farko da za ka yi wa lauya. Da keken kaɗai ne ya lalace, da na ce ku daidaita a tsakaninku ku huta, amma karaya a hannun da mutum yake neman abinci da shi ta cancanci a zauna da lauyan da ya saba da shari'ar haɗarin hanya, ko ofishin ba da agajin shari'a idan babu hali. Ka tambayi yadda za a biya shi tun kafin ya fara, a kuma rubuta. Ganin lauya ba yana nufin zuwa kotu ba. Yawancin irin waɗannan maganganu a teburin sulhu suke ƙarewa.

Shi kuwa direban, ka aika masa da gajeren saƙo cikin mutunci: ka gode masa a kan abin da ya yi maka ranar, ka sanar da shi cewa ba za ka sa hannu a komai ba sai likita ya gama bayaninsa, ka roƙe shi sunan kamfanin inshorarsa da lambar takardar, da sunan mai motar idan ba shi ba ne, ka ba shi mako ɗaya ko biyu ya amsa. Idan ya sake tayar da maganar ƙofa, ka ce masa ya rubuto kuɗin gyaran tare da takardar mai gyara, za a sa shi cikin lissafi ɗaya da naka a raba bisa kason kowa. Idan wa'adin ya cika bai ba ka bayanin inshorar ba, ka kai lambar motar ga 'yan sanda ko ga lauyanka su nemo shi.